Me ya sa mota ke kaɗe ma'aikaci a bakin titi alhali yana sanye da rigar ƙyalli?

Tambaya: Ni ne mai kula da leburori a wani ƙaramin kamfani da ke facin kwalta da yashe kwalbatoci a kan babbar hanya. Muna ba kowa riga mai ƙyalli, muna ajiye durom biyu da ganye kafin wurin aiki, muna kuma tsayar da yaro da jar tuta. Duk da haka a watan jiya mota ta kaɗe mana ma'aikaci ta karya masa ƙafa, direban kuma ya rantse bai gan shi ba sai da ya zo kansa. Mene ne muka rage, kuma me za mu iya yi da ɗan ƙarfin da muke da shi?

Amsa: Malam, Allah ya ba shi lafiya, ya kuma kiyaye na gaba. Rantsuwar da direban ya yi tana iya zama gaskiya, kuma ko da ya gan shi ɗin, mai yiwuwa ganin bai zo a lokacin da zai yi amfani ba. Aikin rigar ƙyalli guda ɗaya ne, wato ta sa a hangi mutum, amma tsakanin hangen mutum da tsayar da mota akwai tafiya mai tsawo, kuma wannan tafiyar ce ba ku bar wa direba wurin yin ta ba. Ba ka faɗi nisan da ke tsakanin durom ɗinku da inda leburori ke tsaye ba, sai dai abin da aka saba gani a hanyoyinmu shi ne mita 20 zuwa 30, domin wanda aka aika ya ajiye durom yakan gangara da shi ne zuwa inda ya ga ya isa a idonsa, ya juyo ya kama aiki.

Ga lissafin da ya kamata duk mai kula da aikin hanya ya riƙe a kansa. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Direba mai natsuwa, wanda bai yi gyangyaɗi ba kuma ba ya kan waya, yana buƙatar kamar daƙiƙa ɗaya da rabi kafin idonsa ya ga abu, ƙwaƙwalwarsa ta gane haɗari ne, ƙafarsa ta bar totur ta sauka kan birki, kuma a cikin wannan ɗan lokacin motar ta riga ta shafe mita 42 ba tare da ta rage komai ba. Bayan ya taka birkin, ƙaramar mota mai tayoyi masu kyau a kan busasshiyar kwalta za ta ja wajen mita 55 kafin ta tsaya cak. Ka ga ke nan ana maganar kusan mita 100 a yanayin da komai ya yi daidai. Injiniyoyin hanya ba sa gina lissafinsu a kan direban da komai nasa ya yi daidai, shi ya sa suke ba da daƙiƙa biyu da rabi don farga, su kuma ɗauka cewa birkin matsakaici ne a kan jiƙaƙƙiyar hanya, abin da ke kai tazarar tsayawa zuwa mita 185 a gudun 100, mita 130 a gudun 80, da mita 65 a gudun 50. Durom ɗin da ke mita 25 daga leburori, mota mai gudun 100 tana wuce shi ta iso kansu kafin daƙiƙa ɗaya ta cika.

Wani abin da ke rikita lissafin shi ne bambancin gudun da doka ta ce da gudun da ake yi. Ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta iyakance ƙananan motoci a kilomita 50 cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na gudu, tanka da tirela kuwa 45 da 50 da 60. Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen hanyar Kaduna zuwa Zariya ya san motocin haya da tireloli ba da waɗannan lambobi suke tafiya ba, ko da yake hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya tun farkon 2017. Saboda haka ka auna wurin aikinka da gudun da kake ganin ana yi a wurin, ka kuma tuna cewa tirelar da ta ɗauko siminti ko tankar da ke cike da mai tana buƙatar nisa fiye da na ƙaramar mota kafin ta tsaya, balle wadda birkinta ya sha wahala. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke ja yana ninkawa sau huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa da gaban mota ya buge yana ƙaruwa sau huɗu da rabi daga gudun 50 zuwa 65 kawai, wanda ke nufin rage wa direba kilomita 15 kafin ya iso wurinku na iya zama bambanci tsakanin karaya da jana'iza.

Yanzu sai tsarin wurin aikin kansa, wanda nan ne nake ganin gyaranku yake. Littattafan ƙa'idar aikin hanya, irin wanda Amurka ke amfani da shi da kuma na Ingila, sun kasa wurin aiki kashi-kashi, kuma kowane kashi da abin da yake yi wa direba. Na farko shi ne wurin gargaɗi, inda ake kafa alluna tun daga nesa. A hanyar da ke wajen gari ana kafa allo uku, kowanne kimanin mita 150 tsakaninsa da na gaba, a kan tagwayen hanyoyi na gudu kuwa allon farko yana kai wa fiye da kilomita guda da rabi kafin wurin aiki. Dalilin yin uku shi ne direba yakan rasa na farko saboda wata babbar mota ta tare masa, ya ga na biyu ya fara tunani, na uku ne zai sa ya ɗaga ƙafa. Na farkon ya ce ana aiki a gaba, na biyu ya ce a rage gudu, na uku ya nuna da kibiya hannun da za a koma. A yi su manya, da zane fiye da rubutu, domin direbobinmu da yawa ba sa karanta Turanci, wanda ma ya iya ba shi da lokacin karanta jimla a kan gudu.

Kashi na biyu shi ne karkatar da motoci daga layin da kuka rufe zuwa wanda ya rage, kuma wannan ne ake yawan yi wa riƙon sakainar kashi. Ana yin sa da jajayen robobin nan masu tsini da ma'aikata ke kira kon, a jera su a karkace tun daga bakin hanya har su rufe layin a hankali. Tsawon jerin yana da lissafi: a gudun 70 zuwa sama, ka ninka faɗin layin da gudun, ka raba da 1.6. Layi mai faɗin mita 3.65 a gudun 100 yana buƙatar jeri mai tsawon kusan mita 230, ana ajiye roba ɗaya duk mita 20, wato robobi goma sha biyu ko sha uku sun wadatar. Abin da durom biyu a tsakiyar layi ke yi shi ne su tilasta wa direba ya fizgi sitiyari lokaci guda, kuma idan akwai mota a gefensa ko wata na tahowa ta gaba, hanyar da ta rage masa ita ce gefen titi, inda mutanenku suke. Durom ɗin ƙarfe da aka cika da yashi ko duwatsu don kada iska ta kayar da shi yana da nasa sharrin, domin idan mota ta doke shi yakan tashi sama ya faɗa kan ma'aikata, ko ya kifar da mai babur.

Bayan jerin robobin sai filin da ake bari fayau, babu mutum, babu kaya, babu mota, tsawonsa daidai da tazarar tsayawar da na ambata a sama. Amfaninsa shi ne direban da ya yi barci, ko birki ya ƙwace masa, ko ya bi ta kan robobin bai lura ba, ya sami wurin da zai tsaya ko ya dawo kan hanya kafin ya kai ga mutum. Wannan fili shi ne mafi wuyar karewa, kuma ba daga direbobi ba, daga ma'aikatanku. Da zarar leburori sun ga wuri a rufe babu mota, nan za su jingine babura, nan mai abinci za ta sauke kwanukanta, nan za a shimfiɗa buhu a yi sallar azahar, mai kula da aiki ma nan zai faka motarsa saboda ya fi kusa da fita. Dole ka sa doka mai tsanani a kan haka, ka keɓe wurin hutu da salla can nesa da kwalta, bayan magudanar ruwa ko a kan tudu, kuma ta gefen da motoci ke wucewa su tafi, ba ta gefen da suke tahowa ba.

Duk abin da na lissafa har yanzu roƙon direba ne, domin allo da roba ba sa tare mota. Abin da ke tare mota shi ne nauyi. A aikin da zai ɗauki makonni a wuri guda, shingen kankare da aka haɗa juna shi ne kariya ta ainihi, amma a aikin faci irin naku da ke matsawa gaba kullum, abin da ya fi sauƙi shi ne ku mayar da tifarku garkuwa. A ajiye ta a ƙarshen filin da aka bari fayau, tsakanin motoci masu tahowa da leburori, a ja birkin hannu, a sa ta a giya, a karkatar da tayoyin gaba ta yadda idan an doke ta daga baya ba za ta nufi mutane ko motocin da ke wucewa ba, direbanta kuma ya sauka. A bar tazara mai kyau, mita 30 ko fiye, tsakaninta da ma'aikacin farko, saboda motar da aka doka da ƙarfi tana gangarawa gaba. A ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni ana ɗaura wa bayan irin wannan mota wani akwatin ƙarfe da ke lotsewa ya shanye ƙarfin karo don shi ma direban da ya yi kuskure ya tsira, kuma ko babu shi, a manna wa bayan tifar ƙyalle mai ɗaukar haske da babbar kibiya.

Ko shingen kankaren ma yana da rauni a inda aka bar ƙofa. A ranar 22 ga Maris, 2023, a kan hanyar da ta kewaye birnin Baltimore a jihar Maryland ta Amurka, wasu motoci biyu da ke gudun da ya haura kilomita 190 a sa'a suka gogi juna, ɗaya ta ƙwace ta shiga ta giɓin da aka bari a shingen don motocin aiki su riƙa shiga, ta kashe ma'aikata shida da rana tsaka. Wurin yana da shinge da alluna, amma ƙofar tana buɗe. Idan kun bar mashiga, ku toshe ta da mota a duk lokacin da ba a amfani da ita, kada kuma a sa mutane aiki daura da ita.

Game da yaron da kuke ba tuta, ina da magana mai ɗan nauyi. A wurare da yawa wanda ake ba wannan aiki shi ne sabon zuwa ko wanda ba shi da ƙarfin shebur, alhali shi ne ya fi kowa kusa da mutuwa, kuma ran sauran yana hannunsa. Mai tuta ya tsaya a gefen hanya, kada ya shiga cikin layin da mota ke tahowa sai bayan motar farko ta tsaya cak. Ya tsaya shi kaɗai, domin idan mutane suka taru a kansa direba ba zai gane wanda ke ba da umarni ba. Ya fuskanci motoci a kowane lokaci, ya san tun farko inda zai yi tsalle idan mota ta ƙi tsayawa, wato kada a tsayar da shi a kan gada, ko jikin mota, ko bakin rami mai zurfi. A ba shi usur don ya ankarar da na bayansa, a hana shi waya da abin sauraron kiɗa a kunne, a kuma canja shi bayan sa'a ɗaya ko biyu saboda zafin rana yana kashe hankali. Idan hanya ɗaya ce motocin ɓangarori biyu ke karɓa-karɓa a kanta, masu tuta biyu ake buƙata, kuma su riƙa ganin juna ko su yi magana ta rediyon hannu. Kada a tsayar da shi bayan lanƙwasar hanya ko bayan hawa, a kai shi inda mai tahowa zai hango shi daga nisan da ya isa tsayawa.

Akwai haɗarin da tambayarka ba ta taɓo ba, kuma binciken da aka yi a wuraren aikin hanya a Amurka ya nuna yana cin rayuka masu yawa, wato motocin aikin kansu, musamman tifa idan tana ribas. Direban tifa ba ya ganin abin da ke bayansa kai tsaye har tsawon mitoci masu yawa, haka mai gireda da mai rola, leburan da ya sunkuya yana watsa kwalta kuma ƙarar injuna ta cika masa kunne har ya daina jin ƙarar ribas, idan ma motar tana da ita. Maganin ba ya cin kuɗi. A tsara shiga da fita ta yadda ribas zai ragu, kada mota ta ja baya sai da mutum guda da aka sani yana ba da hannu daga inda direba ke ganinsa a madubi, kuma da zarar direba ya daina ganinsa ya taka birki. A hana kwanciya a inuwar ƙarƙashin mota lokacin hutu, direba kuma ya zagaya motarsa da ƙafa kafin ya tayar.

Lokacin aiki ma yana da tasiri. A hanyar da ta miƙa gabas da yamma, irin ta Kano zuwa Maiduguri, rana tana shiga idon mai tafiya gabas da sassafe, ta shiga idon mai tafiya yamma bayan la'asar, kuma a wannan yanayin ja da ruwan lemo duk baƙi suke zama a idon direban da gilashinsa ya yi ƙura. Idan hazo ya sauka a hunturu har ba a hangen mita 200, a ƙara nisan alluna ko a dakatar da aiki. Ranar kasuwa, kamar Juma'a a Wudil, da jajibirin salla, da sa'ar da ake hanzarin shan ruwa a watan azumi, duk lokuta ne da ya fi kyau a ɗage. Da dare kuwa gajeriyar wutar mota ba ta haska fiye da mita 60 ko 70, ƙasa da abin da mai gudun 100 ke buƙata, don haka aikin dare ba tare da fitilun wuri ba kasada ce tsagwaronta, fitilun kuma a karkatar da su ƙasa don kada su kashe wa direba ido. Sa'o'in da suka fi kowanne haɗari su ne na jera alamu da safe da kwashe su da yamma, saboda a lokacin babu abin da ke kare mai jerawa. Ana fara kafa allon da ya fi nisa, a biyo yadda motoci ke tafiya, wajen kwashewa kuma a fara daga wurin aiki a koma baya, allon nesa ya zama na ƙarshen tashi.

Ita rigar, a ci gaba da sa ta, amma a duba ta. Launinta mai ɗaukar ido don rana ne, zaren azurfan da ke jikinta don dare ne, kuma wadda kwalta da ƙura suka dafe ko rana ta kodar da ita ta tashi daga aiki. Mai ratsi a hannu da ƙafa ta fi, domin motsin gaɓoɓi ne ke sa direba ya gane mutum ne. Ganye kuwa ban raina shi ba, tunda kowane direba a ƙasar nan ya san ma'anarsa, sai dai ba a ganinsa da dare, kuma an saba barinsa a kan hanya bayan an gama, har direbobi sun koyi cewa sau da yawa babu komai a gabansa. Haka allon "ana aiki" da aka bari wata uku bayan an tashi yake koya wa mutane raina allo, sai ma'aikatan da suka zo daga baya su biya bashin. Idan kun tashi, ku kwashe ko ku rufe.

Ka kuma sa ido a kan masu babura da 'yan adaidaita sahu da ke kutsawa ta cikin wurin da aka rufe, da masu bin hannun da ba nasu ba, musamman inda aka mayar da tagwayen hanya guda ɗaya, domin leburan da ya saba duba dama kaɗai zai taka kwalta mota ta zo masa ta hagu. Minti biyar kowace safiya kafin a ɗauki shebur, a nuna wa kowa ta ina motoci ke zuwa yau, ina ne mafaka, wa ke riƙe da usur. Idan aikin yana kan hanya mai cunkoso, ku sanar da ofishin hukumar kiyaye haɗurra mafi kusa ko hukumar kula da zirga-zirga ta jiha, irin KAROTA a Kano, saboda motar jami'ai guda da ke tsaye da fitilarta a kunne tana rage gudu fiye da alluna da yawa.

Idan tsautsayi ya sake aukuwa, Allah ya kiyaye, abu na farko shi ne a tura mutum can nesa ya tare motoci, domin taron da ke kan wanda ya ji rauni shi ne abin da mota ta biyu ke afka wa. A kira lambar gaggawa, 122 ko 112, a danne wurin da jini ke zuba da tsumma mai tsabta, kada a ɗaga mutum ta hannu da ƙafa idan ana zargin wuya ko baya, a ɗora shi a kan katako a miƙe. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa. Shi kuma ma'aikacinku da ke kwance yanzu yana da haƙƙi a ƙarƙashin dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta haɗa har da leburan da ake biya kullum, ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wato hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, ya kuma kai rahoton rauni cikin kwana 7. Ka bincika ko kamfaninku ya yi rajista, ka rubuta yadda abin ya faru tun ba a manta ba, har da nisan da durom ɗin yake. A kwangila ta gaba kuma ka sa mai kamfani ya shigar da kuɗin alluna shida, robobi talatin, usur da rediyon hannu biyu cikin takardar farashi a matsayin layi mai zaman kansa, domin kayan da ba a rubuta kuɗinsu ba su ne ake fara zaftarewa idan aiki ya matse.